Mu Koyi Yin Bajon Suna Don Ƙannenmu 'Yan Aji Ɗaya



A farkon wannan zangon karatu mun lura da wani abu. Sababbin 'yan aji ɗaya sun yi sati biyu ana kiransu da "kai yaro" ko "ke mai jakar nan". A aji guda mun tarar da A'isha huɗu da Muhammad biyar. In malam ya kira ɗaya, sai duk su miƙe. Wannan ne ya sa muka zauna muka yi musu bajon suna, kuma ga yadda ake yi.

Kayan da ake buƙata su ne kwalin sukari ko na sabulu, farar takarda, almakashi, rula, fensir, maka, gam, faffaɗan salatif, da fil mai rufewa.

Da farko a auna kwali da rula, tsawo santimita 9, faɗi santimita 6, a yanke. A manna farar takarda a kai, a bari gam ya bushe.

Na biyu, a tambayi mai sunan yadda yake rubuta sunansa. Kada a yi masa zato. Wata tana rubuta Aisha, wata A'isha. A kula da haruffa masu lanƙwasa: Ɗahiru da ɗ ake rubuta shi, Ƙasimu da ƙ. In suna ya zo ɗaya, a haɗa da sunan mahaifi.

Na uku, a fara rubutawa da fensir, manyan baƙaƙe, yadda malam zai iya karantawa daga gaban allo. In ya zauna daidai sai a bi da maka. Wanda ya iya ajami zai iya ƙara sunan a ƙasa.

Na huɗu, ado. A bar yaron ya zaɓi abin da yake so: tauraro, fure, ƙwallo ko dagin Arewa. A zagaye gefen da launin gidansa na wasanni. Amma adon ya tsaya a gefe, don kada ya rufe sunan.

Na biyar, a lulluɓe gaba da baya da salatif. Mu da farko ba mu yi haka ba. Ranar da ruwa ya tare mu a filin taro, tawada ta zube, bajo bakwai suka lalace, dole muka sake su. Daga nan sai a liƙa fil a baya.

Akwai gargaɗi ɗaya da malamarmu ta ba mu. Kada a rubuta unguwa ko lambar waya a gaban bajo. Kuma in an tashi, kowa ya cire nasa ya sa a jaka kafin ya fita ƙofa. Baƙon da ya karanta sunan yaro a hanya zai iya kiransa da shi, yaron ya ɗauka ya san shi.

Ranar Alhamis lokacin hutun tara za mu zauna a ƙarƙashin darbejiya don yi wa 'yan 1C nasu. Mai son taimakawa ya zo da kwali da almakashinsa.

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida, Aji 2B