Amsar Tambaya: Rubuta Sunayen Maɓallai a Allon Ƙaramin Jirgin Sama

Tambaya: Wani matashi daga Unguwar Shanu, Kaduna, da ke harhaɗa ƙaramin jirgin sama, yana tambaya ko ya dace a liƙa bugaggun sunaye a allon na'urori, wato farantin gaban matuƙi mai ɗauke da agogunan awo da maɓallai.

Amsa: Ya dace, matuƙar an yi aikin da tsari. Kaduna ba baƙuwar wannan sana'a ba ce, domin a nan kamfanin AIEP ya harhaɗa wa Rundunar Sojan Saman Najeriya jiragen horo na Air Beetle, bisa tsarin RV-6A na kamfanin Van's na Amurka, wanda masu sha'awa ke haɗawa a gida.

Abin da ya fi dacewa shi ne tef mai rufin leda, farin rubutu kan baƙi, tunda zafin bazara yana ɓamɓare takarda, ƙurar hunturu kuma tana dusar da ita. Kafin liƙawa sai a goge farantin da sifirit don cire maiƙo, a sa kowane suna daidai saitin maɓallinsa, musamman na fetur da na babbar wuta, cikin Turanci, harshen sufurin sama. A agogon gudu kuwa, launuka ne alamomin: kore yana nuna gudun yau da kullum, rawaya na taka-tsantsan, jan layi kuma iyakar da ba a ƙetarewa. Wajibi ne a tuntuɓi hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya (NCAA) kafin gwajin tashi.