Darasi: Yadda ake kama cutar kwamfuta tana barci

A yau kwamfuta ta shiga aikin mutanen karkara, ko da ba su taɓa ta da hannu ba. A ma'aikatar magajin gari, kamar ta Tibiri, da ita ake buga takardu. Ƙungiyoyin manoma, irin na gandun noman rani na Jiratawa, suna iya ajiye sunayen masu gonaki a cikinta, da kuɗin ruwa, da bashin taki. A birnin Maraɗi akwai shagunan buga takardu da na saka waƙoƙi da wa'azi a waya. Idan kwamfutar ƙungiya ta lalace, manomin da ya biya bashinsa yana iya rasa shaida. Saboda haka wannan darasi ya shafi kowa.

Mene ne cutar kwamfuta?

Kwamfuta ba ta zazzaɓi. Abin da ake kira cuta, ko birus, wani ɗan umurni ne da mugun mutum ya rubuta. Yana shiga a ɓoye, ya hayayyafa, kamar ƙwaro cikin buhun wake. Wani yana ɓoye takardu. Wani yana satar lambobin sirri. Wani yana kulle takardu, ya ce sai an biya kuɗi.

Abin ya daɗe. A shekarar 1986 wata cuta mai suna Brain ta fito daga birnin Lahor na ƙasar Pakistan, tana bin faifai daga hannu zuwa hannu. A watan Mayu na 2017 wata mai suna WannaCry ta kama kwamfutoci a ƙasashe wajen 150, har aiki ya tsaya a asibitoci da yawa na Ingila.

A ƙasar nan babbar hanyar cutar ita ce kile, wanda wasu ke kira filashi, da katin ajiya na waya. Ana cusa kile ɗaya a kwamfuta goma. Idan ɗaya tana da cuta, sauran suna iya ɗauka.

Alamomin cuta

Kwamfuta ta yi nauyi ba dalili. Takardun da ke cikin kile su ɓace, a ga wasu ƴan hotuna masu kibiya a madadinsu. Maganin cuta da aka saka ya ƙi buɗewa. Wani lokaci kwamfutar ta ƙi tashi sam.

Me ya sa ake bukatar faifan ceto?

Yawancin kwamfutoci suna tashi da wani babban tsari mai suna Windows. Cuta mai wayo tana tashi tare da shi. Da ta farka sai ta ɓuya, ko ta hana magani aiki. Kamar ɓarawo ne da ya haɗa baki da mai gadi. A nan dole a kawo mai bincike daga waje.

Faifan ceto shi ne wannan mai bincike. Yana ɗauke da nasa tsari dabam, yawanci mai suna Linux, da nasa magani. Idan kwamfuta ta tashi daga faifan, Windows ba ya farkawa, cutar ma ba ta farkawa. Sai magani ya bi rumbun kwamfutar lungu-lungu, ya kama ta tana barci.

Yadda ake aikin

1. A nemi kwamfuta mai lafiya, mai intanet. Kada a haɗa faifan a kan wadda ba ta da lafiya.

2. A sauko da faifan daga wurin kamfanin da ya yi shi. Akwai Kaspersky Rescue Disk, akwai Dr.Web LiveDisk. Kyauta ake ba da su.

3. A zuba shi a faifan CD, ko kuma a kile; idan kile ne, da taimakon wani ɗan tsari kamar Rufus. Kile ya zama wanda babu kome a ciki, domin za a share duk abin da ke kansa. Faifan CD yana da amfani ɗaya: idan an gama rubuta shi an rufe, cuta ba ta iya hawa kansa. Amma sababbin kwamfutoci da yawa ba su da wurin saka CD.

4. A kashe kwamfuta marar lafiya, a cusa kile, a kunna. Nan take a riƙa danna maɓallin zaɓi. A kwamfutar Dell da yawancin Lenovo F12 ne, a HP kuwa F9. Sai a zaɓi kile ko CD. Idan ta ƙi, a kai ta wurin mai gyara, ya buɗe hanyar.

5. Idan akwai intanet, a bar magani ya ɗauko sunayen sababbin cututtuka. Kullum ana ƙirƙiro sababbi, tsohon faifai bai san su ba.

6. A sa shi ya binciki rumbun duka. Aikin yana iya cin awoyi. A tabbata batir ya cika, domin in wuta ta ɗauke sai an sake daga farko.

7. Idan ya kama cuta, zai tambayi abin da za a yi: a warkar da takardar, a killace ta, ko a share ta. A fara da warkarwa. Sharewa ita ce ta ƙarshe.

8. A cire kile, a sake kunna kwamfuta. A sabunta maganinta, a canza lambobin sirri. A binciki duk kilen da aka taɓa cusa mata, in ba haka ba cutar za ta dawo.

Kwamfuta mai Windows 10 ko 11, idan tana iya tashi, tana da irin wannan bincike a jikinta. Sunansa Microsoft Defender Offline. Yana kashe kwamfutar, ya yi bincike na minti 15 ko kusa da haka, sannan ya tashe ta.

Abin da faifan ba ya iyawa

Faifan ceto yana kashe cuta, amma yawanci ba ya buɗe takardun da cuta ta riga ta kulle. Don haka rigakafi ya fi magani. Magatakardan ƙungiya ya kwafi lissafi kowane mako a kile na musamman, ya ajiye shi a akwati. Kada a bar wa yara kwamfutar ƙungiya su saka fim. A lura kuma, kamfanin Microsoft ya daina gyaran Windows 7 tun watan Janairu na 2020, don haka tsohuwar kwamfuta ta fi saurin kamuwa.

Littafin rajista na takarda kada a yar da shi. Manomi kuma, duk lokacin da ya biya kuɗi, ya karɓi rasit, ya karanta da kansa, ya adana. Wannan yana cikin ribar yaƙi da jahilci.

Tambayoyi domin tattaunawa a cibiya

1. Ta wace hanya cuta ta fi shiga kwamfuta a garuruwanmu?
2. Me ya sa ake haɗa faifan ceto a kan kwamfuta mai lafiya?
3. Idan kwamfutar ƙungiya ta lalace yau, wace shaida manomi yake da ita a hannu?