Mai waƙa na da rabo a kuɗin ƙofa

Aikina shirya wasan makaɗa ne, daga nan Garhanga zuwa Kaita, Buza da Madawa. Ni ke nemo fili, in yi hayar kayan sauti, in sa masu yanka tikiti a ƙofa. A daren wasa kowa na tashi da nasa: mawaƙi ya kwashe liƙi, mai janareta ya karɓi kuɗinsa, har yaron da ya jera kujeru. Wanda ake mantawa shi ne mutumin da ya zauna ya tsara waƙar da ake rerawa, wataƙila yana ƙauyensu bai ma ji labarin wasan ba.

Dokar haƙƙin masu fasaha ta Nijar, ta 23 ga Disamba 2010, ta ba shi haƙƙi duk lokacin da aka rera waƙarsa a taron jama'a. BNDA, hukumar da aka kafa a 1995, ita ke karɓar kuɗin ta raba wa masu shi. Kuma nauyin biya yana kan mai shirya wasa, wato irina. Shi zai nemi izini, ya biya, ya miƙa jerin waƙoƙin da aka yi tare da sunan wanda ya ƙirƙiri kowace.

Nan ne muke sakaci. In babu wannan takarda, ko an biya, ta yaya hukuma za ta san na wane ne? Shi ya sa nake sa shugaban makaɗa ya rubuta min jerin kafin a kunna lasifika, don bayan wasa kowa gida yake nema. Wasu na ganin fitina ce. Ni kuwa ina ganin cin guminsa ne a cika aljihu da waƙar mutum a sallame shi da "Allah ya ƙara basira".

Rigimar tsohuwa ce. A 1847 mai tsara waƙa Ernest Bourget ya kai ƙarar wani gidan shaƙatawa na Paris, saboda ana rera waƙarsa ba a ba shi komai ba. Kotu ta ba shi gaskiya, daga nan aka kafa SACEM, irin BNDA ta Faransa, a 1851.

Ƴan'uwa masu tsara waƙa, ku yi rajista da BNDA, ku shigar da kowace waƙa da sunanku tun kafin ta bazu a wayoyi. Abokan sana'ata kuma, mu riƙa ware rabon mai waƙa kafin mu ƙirga riba.