Darasi na 14: Abin da ke sa ɗinya ta yi 'ya'ya masu kyau

Dukanmu mun san ɗinya. Mu kan ga mata sun kasa ta a kasuwar Katsina. Wata manya ce, baƙa wuluk, ga zaƙi. Wata kuwa ƙanana ce, ba nama sai ƙwallo. Iri ɗaya ne, amma wurin da itacen ya tsaya shi ya raba su.

Abu na fari, ruwa. Ɗinya tana son wurin da ruwa ke kusa da saiwarta, kamar fadama da bakin rafi. Damina a birnin Katsina gajeriya ce, galibi daga Yuni zuwa Satumba. A Funtuwa ruwan sama ya fi yawa. Don haka a nan arewa, ɗinyar jigawa ta kan sha wuya. In ruwa ya ɗauke lokacin da 'ya'ya ke girma, sai su tsumbure, waɗansu su zube. A farin 1973 da na 1984 itatuwa da yawa sun mutu a ƙasar nan.

Abu na biyu, taki. Ɗinyar da ke cikin gonar da a ke kai wa taki ta fi ta kan fako ƙiba.

Abu na uku, fure. Ba fure, ba 'ya'ya. Kudan zuma shi ke ɗaukar garin fure daga wannan zuwa wancan, sa'an nan 'ya'ya su kama. Wanda ya rataya amya kusa ya ci riba biyu, ga zuma, ga ɗinya.

Abu na huɗu, hannunmu. Mu kan tsinki ɗinkin don kwaɗo, makiyaya su kan sassare rassa don dabbobi. In muka yi wa itace ƙarƙaf, ina furen zai fito? Wutar daji kuma ta kan kashe ƙananan da ke tasowa.

To, jama'a, ruwan sama na Allah ne, amma gatari da ashana suna hannunmu. In ɗinya ta tsiro a gonarmu, mu kewaye ta da ƙaya saboda awaki. 'Ya'yanmu za su sha maɗinta.

Tambayoyi

1. Wane wuri ɗinya ta fi so?
2. Wane aiki kudan zuma ke yi wa itace?
3. Ɗinya nawa ke gonarku? Ku rubuta adadin.