Amsoshin Tambayoyinku: Waƙar da 'yan kallo ke rerawa a filayen ƙwallon Turai

Tambaya: Wani mai karatu daga Zariya ya rubuto mana cewa, a gidan kallon ƙwallo yakan ji dubban 'yan kallo a Turai suna rera wani amo marar kalmomi, musamman idan an zura ƙwallo a raga. Abokinsa ya ce masa waƙar wasu Amurkawa ce. Yana son sanin asalinta, da abin da ya sa ta shiga ran mutane haka.

Amsa: Malam, abokinka ya faɗi gaskiya. Sunan waƙar Seven Nation Army, kuma ita ce ta buɗe kundin Elephant wanda ƙungiyar The White Stripes ta fitar a 2003. Ƙungiyar kuwa mutum biyu ne rak daga birnin Detroit na Amurka: Jack White yana kaɗa jita yana rerawa, Meg White tana kan ganguna.

Irin kiɗansu shi ake kira rok na gareji. Asalinsa tun shekarun 1960 ne, lokacin da samarin Amurka kan taru a garejin motar gidajensu da kayan kiɗa masu araha, suna bugawa da ƙarfi ba tare da wani gyaran murya ba. A farkon shekarun 2000 wasu matasa suka farfaɗo da shi, irin su The Strokes na New York da The Hives na Suwidin, domin sun gaji da kiɗan da kwamfuta ta goge shi har ya rasa gishiri.

Yanzu ga yadda za ka saurare ta. Amon nan mai kauri da ya buɗe waƙar, sauti bakwai ne kawai ake maimaitawa. Kowa yakan ɗauka jitar bas ce, alhali ƙungiyar ba ta da mai kaɗa bas. Jitarsa ce Jack ya haɗa da wata na'ura da ake takawa da ƙafa, mai suna Whammy, ta sauke mata murya ƙasa. Sai gangar Meg ta shigo, dum, dum, dum, kamar taɓarya a turmi, ba sauri ba jinkiri. Jack ya fara rerawa da murya a ƙasa, a kan tsegumi da ƙananan maganganun mutane, yana nuna ba zai rusuna musu ba. Daidai inda kake jiran amshi, babu amshi. Jitar ce ke fashewa da wannan sauti bakwai ɗin, wannan karon da ƙara da kururuwa, Meg kuma ta sauke sandunanta a kan farantan tagulla. Can a tsakiya Jack ya zura ɗan bututu a yatsa yana jan sa a kan tsirkiya, har jitar ta yi kamar tana kuka. Sannan komai ya lafa, a koma farko.

A nan nake so ka tsaya. Akwai masu cewa Meg ba ta iya kiɗa ba saboda ba ta ƙawata shi. Ban yarda da su ba ko kaɗan. Da ta cika wurin da salo, da amon bai sami filin numfashi ba, kuma da filin wasa bai iya tafi a kansa ba. Haƙurin hannunta shi ne ƙashin bayan waƙar. An kuma ɗauke ta ne a 2002 a ɗakin ɗaukar sauti na Toe Rag da ke Landan, da tsofaffin na'urori masu amfani da tef, shi ya sa za ka ji ta da ɗumi, kamar kana zaune cikin ɗakin. Ta lashe kyautar Grammy ta waƙar rok mafi fice a 2004.

Batun ƙwallo kuwa, magoya bayan Club Brugge ta Beljiyam ne suka fara rera amon a Oktoban 2003, lokacin da ƙungiyarsu ta je Milan ta doke AC Milan da ci 1-0 a gasar Zakarun Turai. A farkon 2006 magoya bayan Roma suka ji shi a Brugge suka tafi da shi gida. Da Italiya ta ɗauki Kofin Duniya a Jamus a wannan shekarar, amon ya zama na kowa. Dalili a fili yake: ba ya buƙatar ka iya Turanci, kuma ko mai ƙatuwar murya zai iya bin sa.

The White Stripes sun sanar da rabuwarsu a Fabrairun 2011. Shawarata, Malam, ka nemi ainihin waƙar, ba ta filin wasa ba, ka sa abin sauraro a kunne, ka bi gangar Meg ita kaɗai daga farko har ƙarshe. Ba ta kai minti huɗu ba. Idan ta yi maka, ka saurari sauran kundin Elephant. Muna jiran wasiƙarka ta gaba.