Yadda Ake Farautar Dutsen Vesta a Daren Wudil

Tsakanin duniyoyin Mirrihu da Mushtari akwai tarin duwatsu masu kewaya rana. Wanda ya fi haske a cikinsu shi ne Vesta, da aka gano a 1807. Faɗinsa kusan kilomita 525 ne, yana kammala zagayensa cikin shekara uku da wata bakwai. Ɗan Wudil zai iya ganinsa da madubin hangen nesa irin na hannu.

Da farko ka zaɓi lokaci. Manhajar Stellarium ta waya za ta nuna maka inda Vesta yake. Ka jira sa'ad da duniyarmu ta shiga tsakaninsa da rana, domin a lokacin yake fitowa da magariba, ya kwana a sama. Ka nemi daren ƙarshen wata, mai duhu sosai. Sama ta fi washewa bayan ɗaukewar damina, kafin hazo ya sauko.

Sai wuri. Ka nisanci fitilun gada da na motocin hanyar Maiduguri, ka gangara bakin kogi ko gona. Ka rage hasken waya, ka ba idonka minti 20 ya saba da duhu.

Nan ne aikin yake, domin Vesta ba shi da wutsiya, ɗigon haske ne kamar sauran taurari. Ka kafa gwiwar hannu a kan wani abu don kada madubin ya yi rawa. Ka zana duk ɗigon da ka gani a takarda, ka rubuta rana da lokaci. Bayan kwana biyu ka koma ka sake zanawa. Taurari suna nan yadda ka bar su, amma ɗigo guda ya gusa yamma, kusan faɗin wata. Shi ne abin nemanka. In ka haɗa ɗigogin makonni da layi, hanyarsa za ta fito. Da irin wannan awo masani Gauss ya lissafo falakin Ceres, wani daga cikin duwatsun nan, a 1801.

Ka fara koyo tun yanzu. Ranar Juma'a 13 ga Afrilun 2029, ranar kasuwar Wudil, dutsen Apophis zai gifta nisan kilomita 32,000 kacal daga ƙasa, ba zai taɓa mu ba. A daren za a gan shi daga Afirka da ido zalla yana ratsa taurari. Wanda ya saba da zanen nan shi zai nuna wa jama'a.