Darasi: Yadda Ake Mai Da Ƙyallaye Bargo

Daga watan Disamba zuwa farkon Fabrairu iskar hunturu takan matsa wa ƙauyukanmu na Dambatta, Makoɗa, Kunci da Bichi. Da asuba sanyi yakan sauka ƙasa da digiri 15. A gidaje da yawa yara uku ko huɗu ne ke raba bargo ɗaya, kuma wanda ke bakin tabarma shi ke kwana a buɗe. Wasu iyaye sukan shigar da kaskon gawayi ɗaki su rufe ƙofa, alhali iskar da gawayi ke fitarwa tana iya kashe mai barci. Ga kuma teloli suna share ƙyallaye kullum, su zuba a bola ko su ƙone. Wannan darasi zai nuna yadda ƙungiyar mata ko ta matasa za ta mai da ƙyallayen nan bargo mai ɗumi, wanda zai jure wanki.

Sana'ar ba baƙuwa ba ce

Duk wanda ya taɓa kallon hawan Salla a Kano ya ga 'yan lifida. Lifidi yadi ne ninki biyu da aka cusa wa auduga a tsakiya, aka bi shi da ɗinki layi-layi don kada audugar ta taru wuri ɗaya. Da shi ake kare doki da mahayinsa daga kibiya. Tarihin Kano ya nuna Sarki Kanajeji, wanda ya yi sarauta daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke. Dabarar da ke cikin lifidi ita ce ke cikin bargon da za mu ɗinka.

A wasu ƙasashe ma talakawa ne suka raya wannan aiki. Matan Bangaladash sukan jera tsofaffin zannuwa su kama su da ɗinkin hannu. A ƙauyen Gee's Bend na jihar Alabama a Amurka, mata baƙar fata, jikokin bayi, sun daɗe suna yanka tsofaffin kayan aikin gona suna ɗinka barguna saboda sanyin ɗakunansu. A 1966 matan yankin suka kafa ƙungiyar haɗin kai don sayar da aikinsu. A 2002 aka fara baje bargunan a manyan gidajen tarihi, a 2006 kuma aka sa hotunansu a kan sarkin aika wasiƙa na Amurka. Da tsummoki suka fara.

Abubuwan da za a tanada

1. Ƙyallayen atamfa, shadda ko yadin makaranta.
2. Tsohon zane mai ƙwari don shafi.
3. Abin tsakiya: tsohon bargo da ya siɗe, ko tsofaffin zannuwa biyu, ko auduga.
4. Almakashi, zare, allura, alli, tef ɗin awo, kwali da dutsen guga.

Lokacin da ya fi dacewa a nemi ƙyallaye shi ne gab da Salla, da Kirsimeti, da komawar yara makaranta, domin a nan ɗinki ke yawa. A kai wa tela buhu, a yi magana da shi tun da wuri. Da yayyafi kogi kan cika.

Tantance ƙyallaye

A ware na auduga daban, na roba daban. In ana shakka, a ciri ɗan zare a kusanta shi da ashana a tsakar gida. Auduga takan yi warin takarda mai ci, ta bar toka mai laushi. Yadin roba yakan narke ya dunƙule. Kada a sa na roba a bargon yara, domin in wuta ta taɓa shi yakan manne a fata. A kuma haɗa masu kauri ɗaya wuri ɗaya, saboda yadi mai nauyi yakan yaga mara nauyi a bakin ɗinki.

A wanke ƙyallayen duka kafin a yanka. Sabon yadi yakan tsuke a wankin farko, wani kuma yana zuba. Wanda ya ci gaba da zuba bayan wanki biyu a ajiye shi gefe. In sun bushe a goge su.

Awo da haɗa fuska

A yanka kwali murabba'i, inci 5 kowane gefe. Da shi kowa zai riƙa zana ƙyalle da alli yana yankawa. In aka bar rabin inci na ɗinki a kowane gefe, kowane gida zai koma inci 4. Bargon yaro mai faɗin inci 40 da tsawon inci 52 yana bukatar gida 10 a kwance, 13 a tsaye, wato ƙyalle 130. Zane ɗaya na yadi biyu ya isa shafinsa.

A shimfiɗa ƙyallayen a kan tabarma, a jera mai duhu kusa da mai haske har ido ya gamsu. A ɗinka goma-goma su zama layi, a goge bakin ɗinkin ya kwanta gefe ɗaya, sa'an nan a haɗa layukan. Abin lura shi ne rabin incin nan. In wata ta bar rabi, wata ta bar kwata, kusurwoyi ba za su haɗu ba, bargon kuma zai karkace.

Ninki uku

A shimfiɗa shafi fuskarsa na kallon ƙasa, a ɗora abin tsakiya, a ɗora fuskar bargo. Shafi da abin tsakiya su ɗara fuskar da inci 2 kowane gefe. In auduga za a sa, a gurje ta a cire gurya, a shiɓe ta, a baza ta bai ɗaya. Audugar rimi ta fi kyau da matashi, domin tana da santsi, tana dunƙulewa, ga saurin kama wuta.

Yanzu a kama ninki ukun da dogon ɗinkin hannu na wucin gadi, daga tsakiya zuwa baki, tazarar tafin hannu. Masu gaggawa sukan tsallake wannan mataki, daga baya su tarar shafi ya tattare.

Ɗinkin kamu

A nan ƙarkon bargo yake. Abin da ke riƙe ɗumi shi ne iskar da ke maƙale a cikin abin tsakiya. In ɗinki ya yi nisa da juna, wanki ɗaya zai tara audugar a kusurwa, sauran wurin ya zama yadi zalla. Ga auduga, kada tazarar layi ta wuce inci 2. Ga tsohon bargo ko zane, inci 4 ya isa.

Wadda ba ta da keke tana iya yi da hannu, da ƙananan ɗinki a jere. Mai keke tana iya bin layin gidajen kai tsaye, ta fara daga tsakiya, ta naɗe gefen da ke shiga cikin keke kamar tabarma.

Akwai kuma ɗinkin sakin hannu, irin wanda masu aikin wuyan riga ke yi, inda hannu ne ke jan yadi duk inda ake so. Amfaninsa shi ne ba sai an yi ta juya babban bargo a ƙarƙashin allura ba. Ga yadda ake yi a baƙin keke irin Butterfly ko Singer:

1. A saukar da haƙoran da ke jan yadi. Wasu kekuna suna da ɗan abin murɗawa domin haka. In babu, a mai da tsawon ɗinki sifiri, a rufe haƙoran da kati mai santsi da aka huda wa ramin allura.
2. A cire ƙafar da ke danne yadi, a sa ƙafar cike rami mai ɗan zobe. In ba a same ta ba, a ɗame yadin a cikin zoben aiki.
3. A sauke sandar ƙafar ko da babu ƙafa a jikinta. In aka manta, zaren sama zai saki ya cukurkuɗe a ƙasa.
4. A jawo zaren ƙasa sama, a riƙe duka biyu kafin a fara.
5. A ɗora tafin hannu biyu a kan yadin, yatsu nesa da allura. Ƙafa ta yi gudu daidai, hannu ya tafi a hankali.

In ɗinki ya yi tsawo, hannu ya fi ƙafa sauri. In ya taru wuri ɗaya, hannu ya yi nawa. In allura tana karyewa, ana fizgar yadi ne tana ciki. Mai keken hannu sai ta sami wadda za ta juya mata. A fara koyo a kan ɗan ninki uku mai girman faifai: layin maciji, da zagaye, da ganye, da sunan yaro. Kada a hau bargo sai hannu ya faɗa.

Daga ƙarshe a cire ɗinkin wucin gadi, a daidaita baki da almakashi, a naɗo shafi a yi kalmasa.

Amfani da sayarwa

Bargon farko na yaran gida ne. Jariri kuwa kada a lulluɓe masa fuska, kada a rufe shi da mai nauyi. Kafin ƙungiya ta yi tunanin kasuwa, ta rubuta kuɗin zare da allura da shafi, da kwanakin da aikin ya ci, ta kwatanta da farashin bargon gwanjo a kasuwar Dambatta ko Bichi. In babban bargo ba zai fitar da kuɗinsa ba, a gwada ƙananan kaya: rigar matashi, jakar makaranta, ko abin sauke tukunya.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Yara nawa ne a gidajenmu ba su da abin rufa nasu?
2. Teloli nawa ne a garinmu, kuma me suke yi da ƙyallayensu?
3. Wa ke da keke a cikinmu, kuma yaya za mu raba lokacinsa da kuɗin gyaransa?
4. Wane gida ya kamata ya sami bargon farko?

Aikin gida: kafin taro na gaba kowa ya zo da ƙyalle 20, wankakku, gogaggu, yankakku da awon kwali. Mutum bakwai sun isa fuskar bargo ɗaya.